Tayin da Siyamak Bai Maimaita Ba

Yazd, ranar Laraba, cikin watan Aban na kalandar Iran

Zuwa ga ƙanwata Puran,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Bahman da 'yarku Tarane. Allah ya sawwaƙe miki ciwon gwiwar nan, ya sa sanyin Suwidin ya zo muku da sauƙi bana. Na ji an ce Tarane ta samu aiki a asibitin yara. Allah ya sa albarka, ya sa karatunta ya amfane ta fiye da yadda nawa ya amfane ni. Ni kuwa jikina da sauƙi, in ban da tarin nan da kika sani, wanda ya ƙi tafiya ya kuma ƙi kashe ni.

Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannuna a cikin wayarki. Matar da ke zama a teburin karɓar baƙi ce za ta ɗauki hoton shafukan ta tura miki. Na roƙe ta kada ta karanta, ta dafa ƙirji ta ce idonta ya makance in ta karanta, ban kuwa sani ba ko in yarda da ita, don a kwanakin nan na daina gane abin da mutane ke nufi da maganarsu. Na san kiran waya ya fi sauƙi. Amma in na kira ki za ki ce yaya kake, in ce lafiya lau, ba abin da ya dame ni, mu yi sallama. Bakina ya daina yi mini biyayya, Puran jan. Hannuna ne kaɗai ya rage mai faɗin gaskiya.

Kamar yadda kika sani, na zo Yazd ne don addu'ar cikar shekara ta marigayi wanmu Iraj. An yi lafiya. Na je maƙabarta na wanke kabarinsa da na Baba da na mahaifiyarmu Maman da ruwan wardi, na yi musu addu'a da sunanki. Mutane sun zo, amma yawancin fuskokin ban san su ba, waɗanda na sani kuma suna kwance a ƙasa. Siyamak ɗan Iraj ya yi ƙiba, cinikin tayil ya karɓe shi, matarsa Golnar kuma tana nan da fara'arta. Yaransu sun girma, ba sa ɗaga kai daga waya.

Abin da ba ki sani ba, kuma ba wanda ya sani, shi ne ba addu'a kaɗai ta kawo ni ba. Mai gidan da nake haya a Tehran zai rushe shi ya gina mai hawa da yawa, ya ce in tashi kafin watan nan ya ƙare. Na zaga unguwanni ina neman wani ɗakin, na tarar fanshona ba zai kama mini ko wurin ajiye mota ba. Ni da na karanta shari'a har Faransa, na ƙarar da ƙuruciyata ina rubuta wa manya takardun da suke sa wa hannu ba tare da sun karanta ba, ga inda na ƙare. Tun rasuwar matata Mahrukh ba ni da mai buɗe mini ƙofa, Allah kuma bai ba mu haihuwa ba. Littattafaina da kwanukanta suna cikin kwalaye yanzu haka, an ɗaure. Da na hau jirgin ƙasa, abu ɗaya ne a raina: ɗakin nan na ƙasa a gidan Siyamak, inda uwarsa ta zauna har ta rasu. Na ce a raina ɗan wana ne, zai yi mini tayi, ni kuma in karɓa da mutuncina.

Ya kuwa yi. A tasha ya tarye ni, ya sumbace ni a kumatu, ya ƙwace jakata. Muna shiga mota ya ce, Amu jan, baffana abin ƙauna, ɗakin ƙasa na nan an gyara, ka sauka a wurinmu, gidanka ne, ka zauna iya son ranka. Wallahi zuciyata ta yi sanyi. Sai na ba shi amsar da Baba zai bayar, wadda duk ɗan mutunci zai bayar. Na ce a'a ɗana, Allah ya kiyaye in takura muku, kuna da yara kuna da hidima, ni ko a otal ma sai in kwana. Na gyara zama ina jiran ya ce haba Amu, wane irin otal, in sake ƙi, ya rantse da kabarin ubansa, sannan in sunkuyar da kai in ce to tunda ka matsa. Haka aka yi mu, haka muka ga ana yi. Yaron nan sai ya dube ni ya ce to Amu jan, duk yadda ka fi jin daɗi. Ya ciro waya da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗaya, kafin mu wuce shataletalen farko ya ce an samu ɗaki, kuma mai kyau, a tsohon gari. Har na ce masa na gode.

Kin san inda ya kai ni? Gidan Haji Mirza mai alharini, na bayan lungunmu na dā. Shi ne otal yanzu. Mota ba ta shiga, sai muka taka a ƙasa, babura na wuce mu kamar za su tafi da gwiwar hannuna. Ƙofar tana nan yadda kika san ta, da ƙarafan bugawa guda biyu, mai nauyi na maza da zoben nan na mata wanda Maman ke bugawa in ta kai ɗinki. Na miƙa hannu zan buga na maza, sai na ji bai motsa ba. Sun kafe su duka da ƙusa, sun shafa musu mai suna ƙyalli, a gefe kuma ga maɓallin ƙararrawa da ɗan idon kyamara. Ke kin san cikin gidan nan, don ke ana shiga da ke. Ni tun da na fara tsawo a zaure ake barina, in zauna a kan dakali ina jin dariyar mata daga nesa. A wannan zauren ne yanzu aka ajiye teburin karɓar baƙi, daidai inda nake zama ina karkaɗa ƙafa.

Mai otal ɗin, wani Agha Zare, ya fito da hannu a ƙirji ya ce takuna a kan idanunsa yake, shi bawana ne, gidan nan gidana ne, na haskaka musu wuri. Na ji daɗi, na ɗauka ya san danginmu ne. Ban gama amsa masa ba sai ga wani Bajamushe da gajeren wando, fatarsa ta yi ja kamar an dafa shi, Agha Zare ya juya ya zuba masa kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya da Turanci, bai rage ko guda ba. Washegari na ji yana faɗa wa mai kawo tukunyar gas. To ni wane ne a gidan nan? Na tambaye shi ko Siyamak ya gama da maganar ɗakin, ya ce haba, wace magana, ai ni baƙonsu ne, kada in ba shi kunya. Har yau ban san ko hakan na nufin an biya ba, ko kuwa ranar tafiya zai miƙo mini takarda da hannu biyu yana murmushi.

Ɗakin da suka ba ni a cikin gida yake, ɓangaren mata, inda uwargidan Haji ke tara ku. Da muka iso bakin ƙofar tsakar gidan sai ƙafata ta tsaya da kanta, na ɗaga murya na ce ya Allah, ya Allah, don matan ciki su kintsa. Wata Baturiya da ke zaune a bakin ɗan tafkin da ke tsakiyar gidan ta zabura, ta ɗauka ciwo ne ya kama ni, ta rugo da gorar ruwa tana dafa mini kafaɗa. Na karɓa na sha, me zan ce mata? Ɗakunan ba su da lamba, sunayen furanni aka sa musu, ni kuma duk ƙofofin iri ɗaya nake gani, gajeru, kowace ta taɓa goshina. Jiya na tura wata na tarar da wasu mata da miji suna busar da safa. Hasumiyar nan mai jawo iska cikin gida da Baba ke cewa ta fi ta gwamna sanyi an toshe ta, an rataye na'urar sanyaya ɗaki a ƙarƙashinta. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda suke ajiye kankana ya zama wurin cin abinci. Ban san inda zan cire takalmi ba da inda zan bar shi. Na cire a bakin darduma, ma'aikaci ya ce ba sai na cire ba. Na hau gadon katako na tsakar gida da shi, wani ya ce in cire. Kyau kam akwai shi, ba zan yi ƙarya ba. Da safe rana na ratsa gilasai masu launi ta zuba ja da kore a kan shimfiɗata, itatuwan rumman sun yi nauyi da 'ya'ya, kifaye na yawo a ruwa. Sai dai ban san ko an kawo ni nan don a girmama ni ba ne, ko don a ajiye ni nesa da gida a wuri mai kyau.

Wannan tambayar ce ke cina. In na ce yaron bai san al'ada ba, ai a Yazd aka haife shi, kuma Iraj ne ubansa, mutumin da sai kun yi rabin sa'a a bakin ƙofa kuna jayayya kan wanda zai fara shiga. In na ce ya sani ya yi amfani da amsata ya rabu da ni, to me ya sa ya zaɓi otal mafi kyau a unguwar, yake kuma kirana safe da yamma yana tambayar ko na sha maganin tari? In juya nan in juya can, ba inda na tsaya.

Ranar addu'ar, bayan maƙabarta, aka tafi gidansu cin abinci. Na yi kamar zan shiga banɗaki na leƙa ɗakin ƙasan. Puran, gado na nan an shimfiɗa masa sabon zane, ga fitilar karatu a gefe, ga silifas na maza a ƙasa ko ledarsa ba a cire ba. Na ce to, ashe da gaske suke. Sai na juya na ga rabin ɗakin cike da kwalayen tayil har kusan rufi, da keken motsa jiki an rataye masa tawul. Na ce to, ashe ba da gaske suke ba. Wanda yake jiran baƙon zama ai yana kwashe kayansa. Amma wanda ba ya jiran kowa me zai sa ya sayi silifas? Na tsaya a wurin har Golnar ta kira ni a kan abinci na hucewa.

A wurin cin abincin ma haka aka yi mini. Golnar ta dafa shinkafa da za'afaran da miyar nama irin ta garinmu, ƙanzon ya yi ja yana ƙamshi. Na ci ɗan abin da aka zuba mini, ta ce Amu jan in ƙara maka? Na ce a'a 'yata, na ƙoshi, hannunki ya yi albarka. Sai ta ɗauke farantin. Ta ɗauke, Puran! Ina kallo aka wuce da ƙanzon nan ta gabana zuwa wurin yara. Uwar Golnar, Khanum Batul, tsohuwa ce mai baki, tana zaune kusa da ni tana kallon komai. Ta matso ta ce, Agha Hushang, a gidan nan duk wanda ya ce a'a da yunwa yake kwana. Ta ce ita ma shekararta ta farko da su ta rame kamar sandar tsintsiya, sai da ta koyi miƙa faranti tun kafin a tambaye ta. Wai 'ya'yan yanzu sun ce ta'arof, al'adarmu ta a yi tayi a ƙi a sake yi, ɓata lokaci ne, wai suna girmama ra'ayin mutum ne. Ta ce ra'ayin banza, su dai ƙiwar maimaita magana suke yi. Sannan ta dube ni sama da ƙasa ta ce, kai da aka ce har Faransa ka je, duk littattafan nan ba inda aka rubuta yadda ake cewa eh? Na yi dariya don mutane na kallo. Ta tura mini nata ƙanzon a ɓoye, na ce a'a na gode, ta ce ci ka rufe mini baki, ni ba Golnar ba ce.

Na koma otal na ce to shi ke nan, na gane. In ya sake tayi zan ce eh tun a karon farko, kamar Bature. Na zauna a gaban madubin ɗakin ina gwadawa. Eh, na gode, zan zo. Kalmomi kaɗan ne, ko jariri zai iya.

Jiya da la'asar sai ga shi ya zo. Muka hau gadon katako a bakin ruwa, aka kawo mana shayi da ƙwayoyin sukari. Ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce, Amu jan, zan faɗa maka magana, kuma ba tayin fatar baki nake yi ba. Ya ce tun rasuwar Mahrukh hankalinsu bai kwanta da zamana ni kaɗai a Tehran ba, in tattaro in dawo wurinsu gaba ɗaya, za a kwashe tayil ɗin a kai shago. Abin da na zo nema ke nan, an ɗora mini a tafin hannu. Amma kin san me ya faɗo mini? Cewa ba tayin fatar baki nake yi ba, ai shi ne abin da kowa ke faɗa in yana tayin fatar baki. Maman da kanta haka take ce wa matar maƙwabcinmu da ta tsana. Ga kuma Agha Zare a can gefe yana ce wa wasu 'yan Italiya gidan nan gidanku ne, har abada. Kaina ya ɗaure. Ina cikin lalubo eh ɗin da na haddace, sai na ji wata murya tana cewa Allah ya kiyaye in zame muku nauyi, ɗana, ni na saba da Tehran, gidana na nan lafiya lau, ba abin da na rasa. Muryata ce. Har da murmushi na yi.

Na ce a raina ba komai, wannan na biyu ne, yanzu zai yi na uku a gama. Na zuba masa ido. Shi kuwa fuskarsa ta faɗi kamar yaron da aka mara. Ya ce ya fahimta. Ya ce dama babansa ya sha faɗa masa cewa Amu Hushang mutum ne mai ilimi, ba ya son hayaniya, gidan mai sayar da tayil ba zai yi masa ba. Ya ce ya yi kuskure da ya matsa mini, in yafe masa. Matsa mini, Puran! Sau biyu kacal, shi a wurinsa ya matsa mini! Na so in kama hannunsa in ce ɗana, sake faɗa, sau ɗaya tak. Amma ta yaya dattijo zai roƙi a yi masa tayi? Ya sumbaci kafaɗata ya tafi. Yau da safe saƙo ya shigo wayata: ya saya mini tikitin jirgin ƙasa na ranar Asabar, kujerar gefen taga, wai don ya san ina son kallon hanya.

To ga inda nake. Asabar zan koma wurin kwalaye, bayan nan ban san inda zan kai su ba, ban san inda zan kai kaina ba. Har yanzu kuma ban rantse miki cewa na fahimci yaron nan ba. Wani lokaci in ga ɓacin ran da na gani a fuskarsa na gaske ne, wani lokaci in ce ai mai ciniki ne, ya iya fuska. Amma ba ni da wata ƙofar da zan buga.

Abin da nake roƙonki shi ne ki kira shi kafin Asabar. Ke gwaggonsa ce, yana jin maganarki, kuma kin daɗe a cikin Turawa, kin iya faɗin abu kai tsaye. Kada ki ce ni na sa ki. Ki ce masa kawai baffanka mutumin dā ne, ba a barinsa a kan a'a biyu, ka koma ka yi ta uku. Ki ce ya rantse da kabarin Iraj, don wannan ba ni da ikon ƙetare shi. In kuma ya ji bakina ya sake kawo wata maganar nauyi ko takura, kada ya saurare ni, ya ɗauki jakata ya yi gaba, zan biyo shi. Maganar rushe gidan Tehran kuwa, ki riƙe ta in za ta riƙu. In kin ga ba zai gane ba sai da ita, to ki faɗa, na haƙura da wannan ma.

Ki gaishe mini da Bahman, ki ce ya rage sigari, kada ya zama ni. Ki rungume mini Tarane, ki ce kawunta ba ya mantawa da ita a addu'a, yana kuma alfahari da ita. Ki gai da Shahin ɗan gwaggo Eshrat in kun haɗu, da matarsa Parvane. Khanum Batul ta ce in gaishe ki, ta ce wai ko can ma kuna jin yunwa a gidan mutane.

Amma dai na san kina da hidimarki, ga gwiwa, ga tsadar kira. In kin ga zai zame miki wahala, ki bar shi kawai, ba wani abu ba ne, Allah zai kawo mafita.

Na karanta layukan nan na sama, na nemi in soke su, matar teburin kuma ta ce ba ta son shafi mai datti. Ashe hannun ma ya koyi halin bakina. Kada ki kula su, Puran jan. Ki kira shi yau.

Yayanki da ke jira a bakin ruwan gidan Haji Mirza,
Hushang